Golf a Ƙofar Gidan Manomi: Jari Ce ko Rariya?

Da zarar kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da wake da riɗi, akwai wata gardama da kan tashi a majalisun ƙauyukan arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir har Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Bichi da Tsanyawa. Wani ya ɗan samu rara, ya haɗa da kuɗin bijimin da ya turke, sai dillali ya bugo masa waya: akwai wata Golf a birni, lafiyarta ƙalau, mai ita ne kawai ya matsu. Kafin a je ganin motar an riga an rabu gida biyu. Wasu su ce ya saya, Allah ya sa albarka, gari ma ya huta. Wasu su ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Motar da ake wannan ja-in-ja a kanta ba baƙuwa ba ce. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Golf 3 a 1991, ya daina ƙaramar a 1997, doguwar mai faɗin but, wadda direbobi ke kira wagon, ta ɗan ƙara shekara biyu a kan haka. Wato autarsu ma ta haura shekara 25, ta girmi da yawa daga cikin samarin da ke tuƙa ta. Ita ta gaji Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, kuma ita ce yau ke riƙe da hanyoyin karkara, tare da Vectra da Sharon da ragowar Starlet da Civic. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da suka ɗan fi ƙarfi su kan hango Corolla ko Vibe, amma wannan wata magana ce da za mu zo kanta.

Masu cewa a saya da ƙasa suke fara kafa hujja. Yanki ne da mutane suka yi yawa, gonaki suka matse, ba a barin gona ta huta ko shekara ɗaya. Tun a shekarun 1960 masanin nan Michael Mortimore ya yi rubutu a kan karkarar Kano, ya nuna yadda ake riƙe gona da taki, da yadda gida ba ya tsayuwa da noma kaɗai sai an haɗa da sana'ar rani. A wancan zamanin jaki ke zirga-zirgar: ya shiga birni da itace da amfanin gona, ya fito da mangalar taki. Daga lokacin zuwa yau an raba gonakin nan gado sau biyu, wasu sau uku. Saurayin da rabonsa ɗan tsiri ne tsakanin burtali da gonar baffansa, zaɓinsa biyu ne. Ko ya tafi ci-rani Legas ko Abuja ya yi acaɓa ko turin ruwa, ko ya samu abin yi a gida. Mota abin yi ce. Ranar Lahadi ya yi jigilar 'yan kasuwar Ɗambatta, wata rana ya kai buhuna Dawanau, wata rana ya kwaso kayan gwari daga Badume ko daga lambunan dam ɗin Watari da na Tomas ya nufi 'Yankaba tun da asuba. Tumatir ba ya jira. Wanda ke da ƙafa huɗu shi ke isa kasuwa kafin farashi ya karye, ya kuma kwana a ɗakinsa, ya ga yaransa, ya yi noman damina da hannunsa.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba na jin akwai mai musa ta da zuciya ɗaya. Mace ce naƙuda ta zo mata da gardama ƙarfe biyun dare, jini ya ɓalle. Daga ƙauyen zuwa babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta akwai tafiya, in abin ya fi ƙarfinsu kuma a ce a wuce Murtala ko Malam Aminu Kano a cikin birni. Ba a ɗora irin wannan mara lafiyar a bayan babur sai don dole, amalanken shanu kuwa sai gari ya waye ana hanya. Duk ƙauyen da aka taɓa rasa mace a kan hanya, idan ka ce musu mota almubazzaranci ce, kallon wanda bai san zafin abin ba za su yi maka.

Sai ta uku, wadda ta shafi gyara kai tsaye. Suna cewa Golf ba ta da wani sirri. Injinta mai sauƙi ne, giyarta ta hannu ce, in batir ya mutu yara su tura ta tashi. Duk garejin da ke bakin titin Katsina ko na Daura akwai yaron da zai kwance ta ya mayar ido rufe. Kayanta kuwa a Ƙofar Ruwa tuli suke, daga ƙusa har inji sukutum, aikin da ya gagari bakaniken gari a kai Kwakwaci. Kuɗin hannun bakanike ba wani abin tashin hankali ba ne, sau da yawa ma ɗan unguwa ne, ana iya cewa a bari sai ranar kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji su.

To, masu cewa kada a saya ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambayarsu ita ce: wace Golf ɗin? A da motocin nan daga Turai suke sauka a tashar ruwan Kwatano, a biyo da su ta Gaya da Maraɗi, su shigo ta Jibiya ko Maigatari. Mota ce da ta tsufa a kan kwalta mai santsi, ana yi mata sabis a kan lokaci, ba ta taɓa ɗaukar buhu ba. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. A 2023 aka saki naira a watan Yuni, a watan Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, iyaka ta sake rufuwa. Sakamakon duk wannan shi ne sabuwar saukowa ta fi ƙarfin aljihun manomi. Abin da ke isowa ƙauye yanzu motar da ta gama wahala ce a hannun mutum uku ko huɗu, ta yi haya, ta yi kabu-kabu, ta yi karo an buge, aka watsa mata fenti, aka ɗura mata baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara da hayaƙi na kwana biyu. Mai saye ya zagaya da ita sau ɗaya a unguwa, ya ji rediyo na yi, ya biya la'ada. Cinikin biri a sama ke nan.

Daga nan sai lissafin cututtuka, kuma a nan ya kamata a zauna, domin a nan kuɗin yake tafiya.

Babbar mai kashe inji a ƙasar nan zafi ne. A watan Afrilu ana haura digiri 40 a inuwa, motar na ɗauke da lodi, tana tafiya da giya ta biyu cikin rairayi, iska ba ta bugun lagireto. Maimakon ruwan sanyaya inji na gwangwani, ruwan rijiya ake zubawa, shi kuma yana barin tsatsa da ƙasa-ƙasa da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireton a hankali. Mahaɗan ruwan injin Volkswagen na roba ne mai tauri, bayan shekaru masu yawa sukan tsage su riƙa ɗiga ba a sani ba. Agogon zafi kuma ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya damu. Rana ɗaya sai tururi. Idan direba ya tsaya nan take, wataƙila tiyo ne ko famfon ruwa, abu mai sauƙi. Idan ya ce bari mu ƙarasa tasha, gasket ya ƙone, top ɗin da aka yi da alminiyam ya lanƙwashe, sai an kwance an kai birni an goge shi, wani lokaci ma ya tsage sai dai a sayi wani. Tsakanin waɗannan biyun tafiyar minti biyar ce, amma kuɗin ya ninka sau da yawa. Maganin da kanikawa suka saba yi shi ne su cire tamostat su jona fanka kai tsaye, su ce ai don ƙasar sanyi aka yi shi. Wannan ba ya warkar da toshewar lagireto. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe bai ɗau ɗumin da ya kamata ba, musamman da sanyin hunturu, ya ƙara shan mai, ya ƙara cinyewa.

Ƙura ita ce ta biyu, kuma ita a ɓoye take aikinta. Wata huɗu na hunturu a kan hanyar burji, matatar iska takan cika. Sabuwa ba ta da tsada, amma sai a kaɗe tsohuwar a mayar, in ta yage a bar ta haka, wasu ma su cire ta ɗungum don mota ta ƙara numfashi. Ƙurar da ta wuce ciki tana goge ringi da bangon silinda. Bayan wani lokaci sai shuɗin hayaƙi, fulogi na jiƙewa, ana ƙara baƙin mai kowace safiya. Baƙin man kuma wane iri? Na awo, wanda ake ɗurawa a gorar ruwa daga duro, ba wanda ya san asalinsa. Juye sai an ga ya koma kamar kwalta. Ƙarshen wannan hanyar kowa ya san sunansa: inji ya buga. A nan mai mota ke tsayawa tsakanin abu biyu, ko a goge karanshaf a sa sabon mital da ringi a yi addu'a, ko a sauke inji a sayo na Beljiyam. Kowanne ya zaɓa, wata dabba za ta bar turke.

Ƙafa kuwa ba a cewa ta lalace, sai dai a ce yau wane ɓangare ne. An ƙera motar don mutum biyar da jakunkunansu, nauyin kimanin rabin tan. Buhun hatsi biyar masu kilo 100 sun cinye wannan adadin tun direba bai shiga ba. Mu kuwa biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure da igiya, buhuna a ciki, wani lokaci da akuya, wani lokaci da yaron mota zaune a kai. Shokozoba ta fashe, bushin ya cinye, boris ya fara kuka, tayarod ya yi sako-sako. Robar da ke rufe shaft ta yage, yashi ya shiga ya haɗu da giris, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da aka karya kwana. Kuloci shi ma yana ƙonewa a wurin fita daga yashi da taɓo. Ba ɗaya daga cikinsu da zai durƙusar da mutum shi kaɗai. Matsalarsu ba sa zuwa su kaɗai, kuma ba sa daina zuwa.

Akwai wata cuta da tsadar fetur ta ƙara yaɗawa. Famfon mai a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, mutane suka koma sayen lita uku, lita huɗu, tanki kullum a ƙasa, famfo na aiki cikin zafi yana zuƙo dattin gindi. A ƙauyen da ba gidan mai kuma, galan ɗin 'yan bumburutu ne, da abin da ke cikinsa. Ba su kaɗai ke da laifi ba: a Fabrairun 2022 gurɓataccen man da ya lalata motoci a ƙasar nan ta jirgin ruwa ya zo daga Antwerp, ya bi ta gidajen mai masu lasisi. In famfo ko nozul suka fara ba da wahala, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a cire injekta a mayar da ita kafireta. Motar za ta tashi, gaskiya ne, kuma kowa zai iya taɓa ta. Amma yawanci shan mai ya ƙaru, in kuma aikin bai yi kyau ba mai na ɗiga kusa da wayoyin da suka bushe, ga fis an maye gurbinsa da zaren waya. Motocin da ake gani sun ƙone ƙurmus a gefen titi ba duka ne aikin aljanu ba.

Taya kaɗai ta isa a yi mata muhawara. Kusan duk ta gwanjo ake saye. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana wayar da kai a kan haka, amma mai saye zanen yake dubawa da farashi. Tsohuwar roba, lodi ya wuce kima, kwaltar bazara kamar wuta, gudu a kan titin Kazaure. Wannan ba kuɗin gyara yake ci ba.

Nawa ne duka? Ba farashi ɗaya, domin kowane ƙarfe yana da aji uku: sabo na asali wanda kusan ba mai tambayarsa, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da sabo mai araha wanda kan yi wata uku. Amma dukkansu da dala aka shigo da su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta kai 1,500. Ƙarfen da kuɗinsa dala 20 ne, wanda a da bai kai naira 10,000 ba, ya koma 30,000 ba tare da an ƙara masa komai ba. Haka fetur: motar da ke shan lita 10 a tafiyar kilomita 100, kafin cire tallafi naira 2,000 ta ishe ta, a ƙarshen 2024 sai da ta nemi sama da 10,000. Inshorar dole ma daga 5,000 ta koma 15,000 a Janairun 2023. A gefe guda mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Kano a 2024 naira 71,000 ne, manomi kuwa ba shi da albashi, gero yake da shi, kuma a 2025 ya ga yadda hatsi ya faɗi warwas alhali takin zamani yana sama. Ga kuma kuɗin da ba a rubutawa. Bakanike ya ce, "Alhaji, kwayil ne." A hau mota a je Ƙofar Ruwa a sayo, a ɗaura, ba ta tashi ba. "To, ranka ya daɗe, sai dai mu gwada famfo." A sake komawa. Kwana uku mota na kan dutse, ba lodi, ana cefane.

Abin da ya fi damun dattawa shi ne lokacin da ciwon ke zuwa. Da kaka ake saye, lokacin da hannu ke da maiƙo. Rani ya gasa ta, damina ta shigo da ramuka da taɓo, sai ta kwanta a watan Yuli ko Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana neman kuɗin taki da na 'yan ƙwadago. A wannan watan ba a samun rance. Sai a sayar da tunkiyar uwargida, in abin ya yi girma a jinginar da gona. A yankin da ƙasa ta yi wannan tsada, gonar da ta fita hannu ba kasafai take dawowa ba.

Masu goyon baya suna da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi. Suka ce duba jerin nan da kyau: ruwan rijiya, man awo, cire matata, lodin wuce kima, tayar gwanjo. Wanne ne laifin mota? Duk aikin mai ita ne. Akwai mutanen da suka riƙe Golf shekara goma ba a taɓa sauke mata inji ba, saboda su ke tuƙa abarsu, suna juye a kan lokaci da man kirki, suna duba ruwa kowace safiya, in sun ji baƙon sauti su tsaya. Tsohon doki sai mai shi. Na yarda da wannan, na kuma ga irin waɗannan mutanen.

Sai dai akwai inda amsar ke tsayawa, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Direban haya ba don jahilci yake cusa mutum shida da buhu biyar ba. Fasinjansa talaka ne, akwai iyakar abin da zai iya biya, in an ƙara kuɗin mota ya hau babur ko ya fasa tafiyar. Idan ya ɗauki mutum huɗu kamar yadda Jamusawa suka tsara, kuɗin ba zai biya mai da na tasha da na kan hanya ba. Wato motar ba ta kawo riba sai an zalunce ta, zaluncin kuma shi ke cinye ta. Abin da direba ke ƙirgawa da yamma ya ce ya samu, wani kaso nasa ba riba ba ne, guntun shokozoba ne da guntun taya da guntun inji da ya sayar a ranar bai sani ba. Idan ya cinye duka a cefane da biki, to jarinsa yake ci. Idan motar a hannun yaro take yana kawo balas, abin ya fi muni, domin yaron ba shi da dalilin tausaya mata: gudun da zai ba shi sawu ɗaya na ƙari nasa ne, injin da zai buga na maigida ne.

Shi ya sa nake ganin tambayar a saya ko kada a saya ba ta da amsa ɗaya ga kowa. Mutumin da zai tuƙa da kansa, yana da hanya da kasuwannin da ya sani, ya sayi motar da rarar kuɗi ba da gona ba, ya bar wani abu a gefe tun ranar saye domin gyaran farko, wanda babu makawa sai ya zo, kuma yana iya cire kason mota kullum ya zuba a adashi kafin ya taɓa sauran, wannan ina bayansa. Ya tafi da bakanikensa wajen saye, ba na dillali ba, su isa da sassafe a tayar da ita a gabansu tana sanyi, su buɗe murfin mai su ga ko ya yi fari kamar madara, su dubi lagireto ko yana kumfa, su leƙa ƙarƙashi su ga inda aka yi walda. Wanda kuwa zai saya don a ce gidan wane akwai mota, ta fita ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure, wannan da ya ƙara sa biyu a turke. Ana cewa wai mota ajiya ce, wanda ya saya a 2022 yau zai sayar da ninkin kuɗinsa. Haka ne a lissafin naira. Amma da wannan ninkin ba zai iya sayen irinta ba, saniya ma ta ninka a tsawon lokacin, ta kuma haihu, ta ba da takin da gonar ke jira.

Masu albashi da ke cewa a tsallake Golf a sayi Corolla ko Vibe, siyan na gari mayar da kuɗi gida, su ma suna da rabin gaskiya. Vibe Toyota ce a cikin rigar Pontiac, injinta ɗaya da na Corolla da Matrix, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, kuma ba ya yawan laulayi. Amma ranar da ta yi, ba a gyara ta a gindin darbejiya. Kwayil huɗu gare ta, ga na'urorin auna iska da hayaƙi, ga giya mai sarrafa kanta wadda man da bai dace ba kan kashe, sai an kai birni an jona mata kwamfuta. Da yawa kuma kafin su iso an riga an fasa salansa an cire indomi, wato matatar hayaƙi, an sayar, fitilar gargaɗi tana kunne har abada. Honda tana da daɗin tuƙi, sai dai duk mai bin hanyoyinmu ya taɓa ganin wata a durƙushe tayar gaba ta fice saboda boljoyin. Ga mai zama a bakin kwalta waɗannan motocin sun fi. Ga wanda gidansa ke bayan rafi, nisansa da mai gyara shi ne farashin. Kuma in don kaya ne zalla, kurkura da adaidaita sahu sun fi ƙaramar mota dacewa da buhu, babur ya fi ta dacewa da burtali.

Saura hujjar naƙudar dare, wadda na ce ba ta musuwa. Ba ta musuwa, amma abin da take tabbatarwa shi ne ƙauye yana buƙatar mota, ba kowane gida ba. Kuma tana ɓoye wani abu da masu mota ke faɗa a bayan ido kawai. Duk wanda ya ajiye mota a ƙauye ya zama motar asibiti, ya zama ta kai amarya, ta zuwa ta'aziyya, ta ɗauko mahajjaci. "Yaya, don Allah a taimaka, jikin Inna ne." Wa zai ce a kawo kuɗi? In an kyauta a zuba lita biyu, a bi shi da Allah ya saka. Ladan yana nan, ba a raina shi. Amma ramin da aka faɗa da daddare a hanyar asibiti, shi kaɗai zai biya shi ranar da shaft ya karye, kuma waɗanda suka fi zuga shi ya saya ba a ganinsu a gareji.

An taɓa gwada wata dabara a kan wannan. A jihohin Arewa irin su Jigawa da Katsina, an yi shirin da direbobin ƙungiyar NURTW ke sa kansu ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti a kowane lokaci, aka koya musu yadda ake ɗaukar mai jini da inda za a nufa da ita. A wasu tashoshin sakayyar direban ita ce washegari a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba. Ba wani kuɗi mai yawa ba ne, amma an amsa cewa taimakon yana da tsada kuma bai kamata mutum ɗaya ya ɗauke ta ba. Unguwar da ke iya haɗa kuɗin gyaran famfon burtsatse da na rufin masallaci tana iya haɗa na taya biyu da galan ɗin mai da za a ajiye a gidan mai unguwa saboda dare. Har yanzu dai a yawancin majalisun da ake wannan gardama, masu cewa ya saya gari ya huta ba su kai ga wannan maganar ba.